Kwarkwaron Fatsa da Matsalar Awo a Sana'ar Maƙeranmu



Abin da zan yi magana a kansa ɗan ƙaramin ƙarfe ne da bai cika tafin hannu ba, watau kwarkwaron da ake naɗe zare a jikin na'urar fatsa irin ta Turawa. Masuntan kogin Sakkwato, daga Gusau zuwa Furfuri da Bunguɗu, sun fi sabawa da birgi da homa da mamari, wannan na'ura kuwa sai jefi-jefi ake ganinta cikin kayan gwanjo. Na zaɓe ta ne domin a jikinta ake iya gane inda gwanintar maƙerinmu ta kai, da kuma ɗan abin da ya rage masa kafin ya ƙera kayan gyaran injuna.

Na ara kalmar kwarkwaro daga bakin masaƙa, aron kuma yana da dalili. Wanda ya yi wa na'urar rajista a shekarar 1905, Alfred Holden Illingworth, ɗan gidan masu masaƙa ne a Bradford ta Ingila, dabararsa kuwa ta yi kama da yadda zare ke warwarewa daga kan kwarkwaron injin saƙa. A wannan na'ura kwarkwaro ba ya juyawa idan an jefa ƙugiya. Zaren ne ke zamewa ta leɓensa. Idan masunci ya murza hannun na'urar, sai wata lanƙwasasshiyar waya ta riƙa kewaya kwarkwaron tana mayar da zaren, shi kuwa yana gaba yana baya a kan sandarsa domin naɗin ya kwanta daidai. Ba ya juyawa sai babban kifi ya fizga, sa'an nan birki ya sakar masa zare kaɗan-kaɗan.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu na'urar ta bazu. Mitchell 300 ta fito daga garin Cluses na Faransa wajen 1948, kamfanin ABU na Suwidin kuma ya fitar da Cardinal a 1965. Jikinsu ƙarfe ne mai ƙarko, har yau ana kamun kifi da su, amma kwarkwaron da yawa daga cikinsu na roba ne. Zaren nailan yana miƙewa idan an ja shi, in aka naɗe shi a miƙe sai ya yi ta ƙoƙarin komawa tsawonsa, yana matse kwarkwaron dare da rana. Roba kuwa tana gautsi in ta tsufa. Wata rana sai leɓen ya fashe, na'ura lafiyayya ta zama kayan bola. Saboda haka ne a Turai da Amurka da Japan ake samun masu ƙananan ma'aikatu da ke sassaƙa sabon kwarkwaro na alminiyam.

To, da za a kai wa maƙerin fari na Gusau ko Tsafe wannan aiki, yaya zai yi?

Zubi zai yi, kamar yadda yake zuba tukunya da ludayi, sana'ar da ta bazu a Afirka ta Yamma bayan 1945. Zai danna tsohon kwarkwaron cikin dausayayyar ƙasa ya ɗauki siffarsa, ya narka alminiyam, wanda ake kira goran ruwa, ya zuba. Zaɓen ƙarfen daidai ne. Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, gawayi da zugazugi sun ishe shi, ba ya tsatsa, nauyinsa kuma kusan kashi ɗaya ne cikin uku na tagulla. Gogaggen maƙeri ya san tsohon fistan na mota ya fi gwangwanin lemo kyau a zubi, ko da bai san sinadarin silikon da ke cikin fistan ne ke sa narkakken ƙarfen ya malala ya cika kowane lungu ba. A nan zan ɗan ratse: maƙerin da ke zuba wa masunta dalmar taru kada ya haɗa kaskonta da na alminiyam, balle na tukunyar abinci. Mutanen Zamfara ba su manta da yaran da gubar dalma ta kashe a ƙasashen Anka da Bukkuyum a 2010 ba.

Wahalar farko siffar kwarkwaron ce. Yana da leɓe sama da ƙasa, ga tsakiya siririya, don haka ba ya zaruwa daga ƙasar zubi sai ya rusa gurbin. Ta biyu ta fi wannan ɓuya. Alminiyam yana tsukewa idan ya huce, wajen milimita 1.3 cikin kowace 100. Kwarkwaro mai faɗin milimita 50 zai fito da giɓin fiye da rabin milimita, magagari kuma zai ƙara cin wani abu. A tukunya babu mai lura da wannan. A kwarkwaro kuwa wannan giɓi ya ishi zare ya faɗa bayansa ya sarƙe. Haka nan ramin tsakiya: in ya kauce ko kaɗan, naɗin zai taru gefe guda, birkin ya riƙa kamawa yana saki, zaren ya tsinke a daidai lokacin da kifi ke bakin ƙugiya. Leɓen ma dole ya yi sumul kamar madubi, domin ƙananan ramukan iska da zubi ke bari suna cin nailan kamar reza.

A ganina maganin shi ne a raba aikin biyu. Maƙeri ya bar neman siffar ƙarshe, ya zuba dunƙulen ƙarfe da ya ɗara kwarkwaron da milimita biyu ko uku ta kowace fuska. Daga nan aikin ya koma hannun mai injin sassaƙar ƙarfe, wanda ke juya dunƙulen da sauri ana yankarsa da aska mai ƙarfi. Shi zai fara huda ramin tsakiya, sa'an nan ya ɗaura ƙarfen ta wannan ramin ya sassaƙe waje, domin ciki da waje su kasance a kan cibiya ɗaya. Kafin duk wannan sai an auna tsohon kwarkwaron da ma'auni mai nuna kashi goma na milimita, an zana shi a takarda da lambobinsa. Wannan takarda ita ce dukiyar, gama da ita za a yi na biyu da na ɗari ba tare da an sake ganin na asali ba.

Injin sassaƙar ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Akwai shi a Panteka ta Kaduna, akwai shi wurin masu gyaran injin mota a manyan garuruwa, ana kuma koyar da aikinsa a kwalejojin fasaha irin ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai haɗa ɗalibin da ya iya awo da zane da maƙerin da ya iya wuta. Ga ma'aikatan hukuma kuwa, ku duba ɗakunan ajiyarku: famfon ban-ruwa da keken ɗinki da injin niƙa nawa aka jingine saboda ɗan ƙarfe guda wanda bai fi kwarkwaron nan wuyar ƙira ba? Kafin a rubuta su cikin jerin kayan gwanjo, ya kamata a kwance ƙarfen da ya lalace, a auna shi, a kai zanen ga maƙeri da mai sassaƙa su faɗi kuɗinsu.