Kayan Teku, Wayar Hannu da Haƙƙin Yaron Mota

Ko da yake Allah bai nufi ƙasar Zamfara da teku ba, yawancin manyan motocin da ke fitowa daga Funtuwa su ratsa Tsafe su sauka Gusau, ko su zarce ta Bunguɗu zuwa Sakkwato, ba su rasa wani kaya a cikinsu wanda jirgin ruwa ya sauke a Ikko. Dangantakar kuwa daɗaɗɗa ce, domin tun da layin dogo ya isa Ƙaura Namoda a 1929 ake lodin auduga da gyaɗa a Gusau, su gangara bakin ruwa, a musanyo su da gishiri da atamfa.

Abin da ya sake a zamaninmu shi ne yadda ake ƙulla mu'amalar. A watan Fabrairu na 2021, wato 1442 bayan Hijira, Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa, ƙarƙashin Hadiza Bala Usman, ta fito da tsarin Eto, wanda ya shar'anta cewa babbar mota ba za ta shiga tashar Apapa da ke Ikko ba sai an nema mata izini ta intanet, alhali a da direba kan share makonni kan gada, yana kwana ƙarƙashin motarsa, yana miƙa na goro ga kowane mai sanda. Tsarin bai kashe cin hanci ba, amma ya ɗaga darajar wanda ya iya karatu da latsa waya bisa wanda ya iya tuƙi kaɗai.

Mutanen Gusau sun ga iyakar dogaro da wannan hikima a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Attajiri ya kasa sanin inda motarsa ta kwana, kuɗi suka ƙi tafiya, aka koma ga ɗan kamasho mai riƙe lissafi a ka, da direban da aka sani da amana tun yana yaron mota.

A nan ne nake ganin iyayen gida sun yi sakaci. Mutum ya sayi na'urar bin sawun mota don kada a sha masa mai, amma bai taɓa zaunar da yaronsa ya koya masa karanta takardar kaya ba, balle ya yi wa ɗan dakon da buhu ya karya wa baya tanadin magani, ko da yake malamai sun daɗe da fayyace haƙƙin ɗan ƙwadago a babin ijara. Ga kuma tashar tsandauri an buɗe a Funtuwa a 2024, inda za a riƙa fito da kwantena ba tare da zuwa Ikko ba. Aikin wakilcin kaya a can na mai sanin kwamfuta da dokar kwastan ne, kuma in samarin Tsafe da Bunguɗu ba su same shi ba, za a ɗauko masu yinsa daga Kano ko Kaduna.