Tarun da Aka Yar Ba Ya Daina Kamu

'Yan'uwa masu noman rani a bakin Galma da Kubanni sun san abin da ake tararwa idan ruwa ya janye: guntayen taru sun nannaɗe a jikin kututture, wani lokaci da mushen tarwaɗa a ciki. A dā da zaren auduga ko na rama ake saƙa taru, in ya ɓace a ruwa ba ya daɗewa sai ya ruɓe. Na yanzu kuwa na nailan ne. In kalli ya tsinke ruwa ya tafi da shi, kamu yake ta yi ba mai ɗiba. Kifi ya faɗa ya mutu, warinsa ya jawo wani, shi ma ya faɗa. Sa'an nan ga mai ban-ruwa, gama zaren yakan toshe bakin tiyo har inji ya ƙi ja. Yaro mai wanka ma yana iya sarƙewa.

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A arewacin Ostareliya akwai wani lungun teku da ake kira Karfentariya, inda iska ke koro tarunan da jiragen kamun kifi suka yar, yawancinsu daga ruwayen wajen Asiya. A shekarar 2004 'yan asalin ƙasar, watau mutanen da Turawa suka tarar a can, suka shiga wani shiri mai suna GhostNets Australia. Su ne suka san kowane gaɓa, su ne kuma suka fi jin zafin mutuwar kunkurun teku, domin abincinsu ne tun kakanni. Sun kwashe taru fiye da 13,000. Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne ba kwashewa kawai suka yi ba. Sukan auna idon taru, su rubuta launinsa da wurin da aka same shi, domin a gane inda ya fito. Waɗansu kuma suka riƙa saƙa kwanduna da kayan ado da zaren, suna sayarwa.

Mu nan ba mu da teku, amma muna da sarakunan ruwa, kuma masunci yakan ji maganar Sarkin Ruwa fiye da ta baƙo. Ƙungiyar da ke so ta yi wannan aiki, ta fara zuwa wurinsa tukuna, kada masunta su ɗauka tarunsu mai kyau ake nema. Lokacin da ya dace shi ne Maris ko Afrilu, sa'ad da ruwa ya yi ƙasa. A tafi da lauje da doguwar sanda mai ƙugiya, a bar shiga zurfi ga masunta. Kada a ƙone abin da aka tara, hayaƙinsa yana cutar ƙirji. Mai sauran ƙarfi ya isa shingen lambu, ko rufin akurkin 'yan tsaki saboda shirwa.