Amsoshin Wasiƙunku: Injin Wutar da Ya Dace da Mai Kwana a Fadama

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Lahodu, cikin ƙaramar hukumar Wurno, ya rubuto yana cewa kowace shekara in an kawar da amfanin damina, shi da 'ya'yansa biyu sukan ɗora kayansu a amalanke su tare a fadama, su kafa bukka, ba sa komawa gida sai an cire albasa da tafarnuwa. Bana yana son ya sayi ƙaramin janareto da kuɗin albasa, don fitila da fanka da rediyo, yaronsa kuma ya riƙa yi wa maƙwabta cajin waya yana samun na kashewa. Ya ce, "Na shiga Sakkwato na ga iri-iri, kowane mai shago yana yabon nasa. Wanne zan ɗauka? Kuma shin zai iya ja mani ruwa?"

AMSA: To, malam mai tambaya, mun gode da wasiƙarka, Allah ya sa albarka a noman. Wannan tambaya ba taka ba ce kai kaɗai, domin duk mai noman rani a bakin gulbin Rima, tun daga madatsar Goronyo har zuwa fadamun Wurno, da ɗan kasuwar da ke kwana a rumfa, duk tana gabansu.

Kada ka fara da shago. Fara da takarda da alƙalami, ka lissafa abin da za ka jona. Kowane kayan wuta yana da adadin abin da yake ci, ana kiransa wat, a rubuce yake a jikinsa ko a gindinsa. Ƙwan fitila na zamani mai farin haske bai fi wat 10 ba. Cajar waya ita ma wajen haka. Fanka ta tsaye kamar wat 70, rediyo kuwa bai kai 20 ba. In muka ce ƙwai huɗu, waya ashirin a lokaci guda, fanka ɗaya da rediyo, ka ga 40 da 200 da 70 da 20, watau wat 330 ke nan. Sai ka ƙara wa inji sarari, don ba a son a ɗora masa fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa. Jakin da ake yi wa lodi har wuya kullum ba ya daɗewa, balle a zafin watan Afrilu na ƙasar Sakkwato, lokacin da inji da kansa yake rage ƙarfi saboda zafin iska.

Da wannan lissafi, ƙaramin nan da aka fi sani da Tiger, wanda mutanen kudu ke yi wa laƙabi da "na fi maƙwabcina", ya ishe ka. Amma ka lura da wani abu. Za ka ga an rubuta 950 da manyan baƙaƙe a kwalinsa. Wannan sunan samfuri ne kawai. Ainihin abin da yake iya ɗauka yana ta aiki wat 650 ne ko ƙasa da haka, kuma a ƙaramin rubutu za ka same shi. Haka manyan ma: in an rubuta kVA, to wat ɗin da za ka samu ya kan gaza, galibi kashi takwas cikin goma ne. Mai kVA 2.5 ka ɗauke shi a wat 2,000. Mai shago ba zai faɗa maka wannan ba sai ka tambaya, wani ma shi kansa bai sani ba.

Alherin wannan ƙarami shi ne sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, bai fi kilo 20 ba, yaro ɗaya ya sa shi a amalanke ko a bayan babur, kuma babu bakaniken da bai san cikinsa ba. Aibinsa uku. Na farko, ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, sai an gauraya da fetur, galibi mililita 20 a kowace lita ɗaya, amma ka bi abin da aka rubuta a tankinsa. Ranar da yaro ya manta ya zuba fetur zalla, ranar injin zai ƙone. In kuma aka cika baƙin man, sai hayaƙi da toshewar fulogi. Na biyu, ya fi sauran hayaƙi. Na uku, wutarsa tana hawa tana sauka, wannan ko shi ne abin tsoro ga mai cajin wayoyin mutane, don waya ɗaya in ta ƙone ribar wata guda ta tafi, ga kuma rigima. Maganinsa ka tayar da inji ya daidaita tukuna kafin ka jona, ka cire kaya kafin ka kashe, kuma kada ka bari mai ya ƙare masa alhali wayoyi na jone, domin a wannan shaƙewar ta ƙarshe ne yake ɓarna.

In da hali, mu dai mun fi son ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai tankin baƙin mai daban, na wajen kVA 1 zuwa 1.5, mai na'urar daidaita wuta da ake kira AVR. Ya fi nauyi, amma ya fi jimiri. Dutsen guga da hitar dafa ruwa kuwa, kowanne wat 1,000 ne ko fiye, ka bar su a gida.

Sai batun jan ruwa. Gaskiya a'a. Famfon lantarki da ake zurawa a rijiya, mai ƙarfin doki ɗaya, yana cin fiye da wat 1,000 in yana aiki, kuma lokacin tashi yakan fizgi ninki uku na haka. Sai inji mai kVA 3 ko fiye, wanda ya wuce kilo 40, kuma ba ya rasa shan lita ɗaya a awa. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, wannan lissafi ba ya fita. Injin ban-ruwa mai tiyo da kuka saba da shi tun zamanin shirin Fadama na shekarun 1990 ya fi, domin shi kai tsaye yake juya famfo, ba sai an mai da fetur wuta sa'an nan a mai da wuta ruwa ba. Firiza ma haka take fizga in za ta tashi, saboda haka mai sayar da ruwan sanyi kada ya sauka ƙasa da kVA 2. Af, wanda fitila da cajin wayar gida kaɗai yake so, farantin sola da batir sun fi masa kowane janareto.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan, don Allah a saurara da kyau. Hayaƙin janareto yana ɗauke da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum yana barci za ta shige shi, ba tari ba shaƙewa, sai dai da safe a tarar da gawa. An sha rasa iyali sukutum a ƙasar nan ta wannan hanya. Mun san dalilin da ke sa a jawo inji kusa: tsoron ɓarawo, ga sanyin hunturu an toshe ko'ina. To, ka sayi sarƙa da kwaɗo, ka kafa turke, ka ɗaure shi a waje, nesa da bukka kamar taku takwas, bakin salansa na kallon daji. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka ka ajiye shi kudu maso yamma da makwancinku, hayaƙin ya yi gaba. In wani ya tashi da ciwon kai, ko jiri, ko tashin zuciya, a kashe inji, a fitar da kowa sarari, a nufi asibiti. Kada a zuba fetur inji na aiki ko yana da zafi, ga zana ga kara, wuta ba ta jira. Wayar da za ka ja kuma ta zama mai kauri, a ɗaga ta bisa sanda, ban da haɗin leda a ƙasa mai laima.

Ƙura ita ce ajalin inji a wajenku. Ka ɗora shi a kan katako, ka riƙa wanke soson tace iska duk mako. Mai tankin baƙin mai a juye masa bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 50 zuwa 100.

Ranar saye ka tafi da bakaniken da ka amince da shi, ka riƙe fankarka da ƙwai biyu. A tayar a gabanka, a jona, ku saurara ko murya za ta canza. Ka tambaya ko wayar kwayil ta jan ƙarfe ce ko ta alminiyam, ta jan ƙarfe ta fi nauyi kuma ta fi jure zafi. Ka tabbata ana samun fulogi da kafireta da igiyar tayarwa irin nasa a Wurno ko Acida, ba sai an je Sakkwato ba. Sa'an nan ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin injin.

Da fatan malam mai tambaya ya gamsu. A gai da mutanen Lahodu.