Wace Faɗuwa Ce Ke Koya wa Mutum Hankali?

Ana yawan cewa faɗuwa makaranta ce. Da kullum haka ne, da kasuwanninmu sun cika da malamai, domin da wuya ka bi layi a kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa ba ka tarar da wanda ya taɓa karyewa ba, wani ma sau biyu, kuma a kan abu guda. A ganina mutum yana ɗaukar darasi ne daga faɗuwar da zafinta ya sauka a kansa. Wadda ya jawo amma wasu suka sha wuyarta, sai ta wuce shi kamar ba a yi ba. Rayuwar marigayi Muhammadu Buhari, wanda aka haifa a Daura a 1942, aka kuma binne shi a can a watan Yulin 2025, ta tara duka biyun.

Sau uku a jere ya nemi shugabancin ƙasa yana faɗuwa. A 2003 Obasanjo ya kayar da shi, a 2007 ɗan jiharsu Umaru Musa 'Yar'aduwa, duka a ƙarƙashin ANPP, sannan a 2011 Goodluck Jonathan ya kayar da shi yana CPC. Kowane karo maganar ta kai har Kotun Ƙoli, bai samu yadda yake so ba. Magoya bayansa amsa ɗaya suke bayarwa: maguɗi aka yi. Kuma ba maganar banza ba ce, domin 'Yar'aduwa da kansa ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu.

Sai dai maguɗi bai isa ya bayyana komai ba. A 2011 Buhari ya samu ƙuri'u sama da miliyan 12, ya ci jihohi 12, dukkansu a Arewa. Tsarin mulki kuwa ya ce ba yawan ƙuri'a kaɗai ake nema ba, sai ɗan takara ya samu aƙalla kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasar. Ko da an ƙirga kowace ƙuri'a da gaskiya, cincirindon Kano da Katsina ba zai kai shi Abuja ba. A shekarar ma an yi ta tattaunawar ƙawance da jam'iyyar ACN ta Bola Tinubu, maganar ta watse ana dab da zaɓe.

Abin da ya yi bayan nan shi ne wurin lura. Mutumin da aka sani da taurin kai da ƙyamar 'yan siyasa ya yarda ya narkar da jam'iyyarsa. A 2013 CPC da ACN da ANPP da wani ɓangare na APGA suka zama APC. Ya zauna da mutanen da a da ba ya ga maciji da su, ya tsaya zaɓen fid da gwani a Legas kamar kowa, ya karɓi mataimakin da abokan tafiya suka kawo. A 2015 ya samu ƙuri'u miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.8, kuma ya ci biyar daga cikin jihohi shida na ƙasar Yarabawa. Ƙarin ƙuri'un miliyan uku da 'yan kai ne kawai, amma sun fito daga inda ake buƙatarsu. Ya daina tsayawa a kan laifin wasu, ko da laifin gaskiya ne, ya nemi abin da ke hannunsa ya gyara. Jiki magayi.

Ɗaya gefen ba shi da daɗin faɗa, musamman a Daura, amma ɓoye shi ba girmamawa ba ne. A watan Afrilun 1984, yana shugaban mulkin soja, gwamnatinsa ta sauya launin naira, ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba, ta kuma rufe iyakoki. Abin ya zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunansa, suna ce mata El-Buhari. Bayan shekara 35, a watan Agustan 2019, yana zaɓaɓɓen shugaban ƙasa, sai ga iyakoki an sake rufewa, ba a soma buɗe wasunsu ba sai Disambar 2020. A tsakani aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Duk wanda ya san Mai'aduwa da Kwangwalam da Zango da Ɓaure ya san ma'anar wannan: garuruwa ne da cinikin dabbobi da hatsi da auratayya suka ɗaure su da ƙasar Damagaram tun kafin Bature ya ja layi. Masu kare matakin suna nuna yadda noman shinkafa ya bunƙasa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma fasa-ƙwauri bai tsaya ba, tsadarsa ce ta ƙaru, farashin abinci kuma ya yi sama.

Sannan a Oktoban 2022 Babban Banki ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Farkon 2023 mutane suka kwana a layin banki, masu POS suna sayar da naira da naira, makiyayi ya kawo sa kasuwa ya rasa mai tsabar kuɗi, shi kuwa ba shi da asusu. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin.

Me ya sa darasin zaɓe ya shiga, na kuɗi da iyaka bai shiga ba? Faɗuwar zaɓe tana da rana da adadi, a fili ake shelanta ta, kuma ɗan takara ne ke kwana da ita. Asarar dillalin shanu ba ta da mai shela. Kafin ta isa kunnen shugaba ta ratsa bakunan mutanen da cin abincinsu ya dogara da cewa komai lafiya. Ga kuma kyakkyawar niyya, wadda ita ce mafi haɗari, domin wanda ya tabbata ɓarayi yake yaƙa, duk kukan da ya ji sai ya ɗauka na ɓarayi ne.

Ɗan kasuwa ma ba ya tsira daga wannan. Idan shago ya durƙushe, abin da aka fi ji shi ne "ƙaddara ce", ko "baki ne", ko "yara ne suka cinye". Imani da ƙaddara wajibi ne, amma bai hana mutum ɗaukar biro ba. Nawa ne uwar kuɗi, nawa ne riba? Nawa aka zara don biki da cefanen gida ba a rubuta ba? Bashin da aka bai wa suruki ko aminin unguwa saboda kunya, an taɓa tambayarsa? Waɗannan tambayoyi ba sa buƙatar ilimin boko, amma suna da ɗaci, shi ya sa ake tsallake su.

Kuma akwai ubangidan da ya ƙware wajen sauke asararsa a kan wani. Ya sayo kaya da tsada suka ƙi tafiya, sai ya zaftare haƙƙin yaron shago, ko ya ja wa mai kawo masa kaya rai, ko ya ci adashi ya toshe ramin. Shi dai bai ji komai a jikinsa ba, don haka baɗi zai sake sayo irin kayan. Yaron ya san tun ranar farko cewa ba za su sayu ba, domin shi ke tsaye da masu ciniki daga safe zuwa magariba, amma ba a tambaye shi ba, kuma ya ga yadda aka yi da wanda ya gabace shi da ya buɗe baki.