Ƙugiya mai gashin tsuntsu

A tabkin Keita, tana masunta ke sa wa ƙugiya. A Ingila kuwa, Frank Sawyer, mai tsaron kogin Avon, ya bayyana koton ƙarya cikin littafinsa na 1958. Ana naɗa siririyar wayar jan ƙarfe a jikin ƙugiya tare da gashin wutsiyar wani tsuntsu dangin kaza, har ta yi kama da tsutsar ƙwaron ruwa. Nauyin wayar ke nutsar da ita inda kifin turut ke kiwo.

Sai dai ɗan kasuwar Madawa ko Buza ya yi hattara kafin ya sari wannan haja. Turut a ruwan sanyi garai-garai yake, da ido yake farauta. Tarwadarmu cikin laka take, sansana abinci take yi, gashin tsuntsu kuwa ba ya wari.