Ko Kun Sani? Motar da Ake Zare wa Batir

Kamar yadda mutumin ƙauyen Gidan Sori yakan kai wayarsa wurin mai caji ya karɓo ta cike da wuta, haka nan ma'abota hikimar ƙira a birnin Basalona na ƙasar Sifen suka tsara ƙaramar motar nan mai kujera 2, Silence S04, wadda ake zare baturanta biyu, kowanne kimanin kilo 41, a ja su bisa tayoyinsu tamkar akwatin matafiyi zuwa inda lantarki yake, ko kuwa a musanya su da cikakku domin zango ya ƙara nisa. Lalle fa'idar wannan dabara babba ce ga ƙauyukanmu da wutar kamfanin lantarki na NIGELEC ba ta kai ba tukuna.