Aikin Sa Kai da Koya wa Yara Son Karatu a Gombe

Aikin sa kai shi ne hidimar da mutum ke yi wa jama'a da ƙarfinsa da iliminsa ba don albashi ba, ko da kuwa ana ba shi ɗan abin guzuri, kuma daga cikin tsofaffin rassansa akwai na masu barin ƙasarsu su je wata ƙasa koyarwa. Ƙungiyar VSO ta Ingila, wadda aka kafa a 1958, da shirin Peace Corps na Amurka, wanda aka ƙaddamar a 1961, sun turo malamai makarantun Nijeriya a shekarun farko na samun mulkin kai. Ita ma Nijeriya ta kafa nata shirin a 1987, wato Technical Aid Corps, wanda ke aika ƙwararru na tsawon shekara 2 zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik.

Buƙatar irin wannan hidima a fannin karatun yara a bayyane take, domin a ƙiyasin Bankin Duniya na 2022, yara 89 cikin kowane 100 a Afirka kudu da Sahara suna kai shekara 10 ba su iya karanta gajeren labari su fahimce shi ba, abin da masana ke kira talaucin koyo. Yaron da ya wuce aji uku bai iya haɗa baƙi da wasali ba yakan sha wuya a kowane darasi, tun da lissafi da kimiyya duk ta hanyar karatu ake isa gare su.

Gombe, wadda ta zama babban birnin jiha a 1996, ta ga wani salo na wannan aiki lokacin da rikici ya koro iyalai daga Borno da Yobe. A 2014 hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta fara wani shirin ilimin gaggawa a jihohin Adamawa da Bauchi da Gombe, inda aka buɗe cibiyoyin koyo a wajen tsarin makaranta domin 'ya'yan 'yan gudun hijira, aka kuma ɗauki masu koyarwa daga cikin al'umma aka horar da su. Hikimar wannan tsari ita ce baƙo raɓa ne, wa'adinsa na cika zai tafi, alhali ɗan unguwa da uwar yaro suna nan kullum.

Saboda haka ne ma'aunin nasarar ɗan sa kai ya zama abin da ya bari a hannun masu renon yaro, wato uwa da uba da kaka da yayye, har da malaman Islamiyya. Aikin kansa ba ya buƙatar kayan tsada. Bayan la'asar uwa takan zauna da ɗanta a tabarma ta buɗe littafi mai hotuna, yaron ya ɗora yatsa ƙarƙashin layi yana furta gaɓoɓi, ba, bi, bu, har ya haɗa kalma, ita kuma ta dakatar da shi ta tambaye shi me yake tsammani zai faru da Gizo a shafi na gaba. Wannan tambaya ita ke raba karatun fahimta da haddar da ba ta wuce baki ba. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana da rawar takawa, domin tatsuniyar da take yi wa yaro da dare tana ƙara masa kalmomi da sanin yadda labari ke tafiya, wadda kuwa ta yi makarantar allo ta riga ta san ladabin zama gaban rubutu.

Sai dai dole mai zuwa daga waje ya kula da harshe, kasancewar Gombe gari ne da ake jin Fulatanci da Tera da Tangale da Waja da Bolanci, ga Hausa da ta haɗa kowa a kasuwa. Yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da yake ji, don haka kwalin littattafan Turanci da aka kawo kyauta yakan ƙare a kabad ɗin hedimasta, alhali labarai irin na Magana Jari Ce na Abubakar Imam suna iya tara yaran layi guda.

Ba lallai ne a jira baƙi daga ƙetare ba, domin ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, da matasa masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda aka ware musu rana guda a mako don aikin al'umma, sun isa su kafa zauren karatu a Pantami da Bolari da Jekadafari. Ya kamata masu unguwanni su ba da wuri, masu hali su sayi littattafan Hausa, iyaye kuma su ware ko da minti 15 a kowace rana su saurari karatun 'ya'yansu.